Hawa Nawa? Sharhi kan Ƙaramar Lambar da ke Bisa Harafi

Duk yaron da ya gama firamare a Kore Mairuwa da ke Nijar ya wuce kwaleji, akwai ranar da zai ga malamin lissafi ya ɗauki alli ya rubuta x² × x³ a jikin allo, ya juyo ya nemi amsa. Hannuwa za su tashi. Wasu su ce x⁵, wasu su ce x⁶, wani daga can baya ya ce 6x. Malam zai zaɓi ta farko, ya ja mata layi, ya rubuta doka a ƙarƙashinta da Faransanci cewa idan gindi ɗaya ne sai a tara lambobin sama, yara su kwafe su haddace. Bayan sati biyu sai ya rubuta (x²)³, kuma da yawa cikin waɗanda suka ci tambayar farko za su ce x⁵, tunda dokar da ke bakinsu ke nan. Sai a ba su doka ta biyu, a ce a nan ninkawa ake yi. Kafin damina ta faɗi suna ɗauke da dokoki biyar ko shida masu kama da juna kamar an tsaga kara, ran jarrabawar BEPC kuwa wadda ta riga zuwa rai ita za a rubuta. Ra'ayina shi ne dokokin nan duka abu guda ne, wato ƙidaya, kuma yaron Arewa yana fama da su ne saboda an miƙa masa sakamakon ƙidayar ba tare da an bar shi ya ƙirga da kansa ba, cikin harshen da ya saba ƙirga da shi.

Ƙaramar lambar nan da ake ɗorawa bisa kafaɗar harafi ba ta da wani aiki sai ƙirga. Idan aka rubuta x³ ana nufin x sau x sau x, harafin ya fito har sau uku a jeren ninkawa. Bari in kira shi x mai hawa uku, kamar yadda muke cewa bene mai hawa uku, harafin kuma mu ce da shi gindi. To mene ne x² × x³? A warware shi: x sau x, sannan sau x sau x sau x. A bi da yatsa, biyar ne. Babu wanda ya zauna ya yanke hukuncin a riƙa tarawa, biyu ne suka zo suka tarar da uku. Shi kuwa (x²)³ cewa yake a kawo x² har sau uku a ninka su da juna, wato ƙulli uku, kowanne da biyu a ciki, shida ke nan, daidai da mai kasa goro da ta yi kashi uku na bibbiyu. Rabawa ma haka take. A x⁵ bisa x² akwai biyar a sama da biyu a ƙasa, kowane na ƙasa ya soke ɗaya na sama, saura uku. Idan kuma gindin haruffa biyu ne, kamar (ab)³, to ab ne sau ab sau ab, kuma tunda a ninkawa ba ruwan amsa da wanda ya riga wani, sai a tattara su a gefe guda, su b gefe guda, a sami a³b³. Dokoki huɗu ke nan da littafi ke sa wa kowacce akwatinta, alhali babu wadda ta fi ƙarfin yaron da yake ƙirga awakin gidansu da magariba.

Akwai wani tarko da misalin farko ke ɗanawa, kuma ban cika ganin ana kula da shi ba. An fi son farawa da 2², don sauƙi. Amma biyu da biyu huɗu ne, biyu sau biyu huɗu ne, biyu mai hawa biyu ma huɗu ne. Yaron da ya ɗauka cewa gindi ake ninkawa da lambar sama zai faɗi amsa daidai ta gurguwar hanya, a yaba masa, ya tafi da kuskurensa lafiya lau har ranar da zai ce 3² shida ne. Da an fara da 5², inda ashirin da biyar da goma suka yi hannun riga, da tun ranar farko asirin kuskuren ya tonu.

A ɗauki irin tambayar da ake yi wa ɗaliban da ke shirin BEPC: a sauƙaƙa (2a²b)³ a raba da 4a⁴b³. Wanda ya haddace doka zai tsaya yana lalube, wace ce ta baka, wace ce ta rabawa, shin 2 ɗin da ke gaba ma yana ɗaukar hawa ko kuwa ya tsira. Wanda ya saba ƙirga zai ce, a sama ƙulli uku ne, kowane ƙulli da 2 guda ɗaya, da a guda biyu, da b guda ɗaya. Saboda haka biyu sau biyu sau biyu takwas, su a shida, su b uku: 8a⁶b³. A ƙasa akwai 4, su a huɗu, su b uku. Takwas a raba da huɗu biyu, a shida a cire huɗu saura biyu, b uku sun soke b uku. Amsa ita ce 2a². Yana kuma iya gwada kansa ba sai malam ya duba masa ba. Ya sa 3 a gurbin a, 5 a gurbin b. Cikin baka ya zama 2 sau 9 sau 5, wato 90, kuma 90 sau 90 sau 90 shi ne 729,000. A ƙasa 4 sau 81 sau 125 ya ba da 40,500. A raba, 18 ne cif. Gajeriyar amsar kuwa, 2 sau 9, ita ma 18. Abin lura a nan shi ne b ya ɓace gaba ɗaya. A canza shi zuwa 7 ko 100, amsa tana nan a 18. Doguwar jimlar tana nuna kamar abubuwa biyu ne ke juya ta, sai da aka sauƙaƙa ta aka gano ɗaya ne kawai ke da ta cewa. Wannan shi ne amfanin sauƙaƙawa, kuma shi ne abin da ba a cika gaya wa ɗalibi ba, har ya ɗauka kwalliya ce ake yi wa amsa don mai gyaran takarda ya ji daɗi. Sharaɗi ɗaya ne ya rage, kada a ko b ya zama sifiri, don ba a rabawa da sifiri, kuma gajeriyar amsar ba za ta tuna maka da haka ba sai ka riƙe da kanka.

Hujjata ta farko cewa ƙwaƙwalwar yaran ba ita ce matsalar ba tana cikin kasuwa. A Nijar takarda tana cewa sefa, baki yana cewa dala. Abin da aka rubuta wa 350, mai saye da mai sayarwa dala saba'in suke kiransa; 1,750 kuma jaka guda da ɗari da hamsin. Yarinyar da ke tallan ƙuli-ƙuli a bakin babbar hanyar da ta taso daga Dosso ta ratsa Kore Mairuwa zuwa Dogon Dutsi tana raba lamba da biyar a cikin kanta sau ɗari a wuni, mota na tsaye tana huci, ba ta kuskure ko da dala. Duk wani ɗan kasuwar hatsi kuma ya san jaka goma dubu goma ce, jaka ɗari dubu ɗari ce, jaka dubu miliyan guda ce. Wannan na ƙarshe shi ne 10³ × 10³ = 10⁶, sifiri uku sun tarar da sifiri uku sun zama shida. Ba wanda zai gaya masa jaka dubu biliyan ce ya yarda, ko da kuwa uku sau uku tara ne. Ashe dokar tara hawa tana bakin mutane tun kafin ɗansu ya taka ƙofar lakwal, sai dai ba a taɓa nuna wa yaron cewa abin da ke allo da abin da ke aljihun babansa abu ɗaya ne ba.

Tarihin fannin ma yana goyon bayan wannan. Lokacin da Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, babu x babu ƙaramar lamba, komai da kalmomi yake. Abin da ake nema sunansa shai'un, wato abu, idan aka ninka shi da kansa kuma sunansa mal, wato dukiya. Waɗanda suka biyo baya, irin su Abu Kamil a Masar da Alkaraji wajen shekarar 1000, suka hau sama: hawa uku ka'ab, hawa huɗu mal-mal, hawa biyar mal-ka'ab, hawa shida ka'ab-ka'ab. Sunayen da kansu suna tara hawa, biyu da uku biyar. Amma masana lissafin Indiya, da kuma Luca Pacioli na Italiya a littafinsa na 1494, idan suka haɗa sunan hawa biyu da na hawa uku, hawa shida suke nufi, don su ninkawa suke yi. Kalmomi biyu iri ɗaya, wata makaranta ta karanta biyar, wata ta karanta shida, tsawon ƙarnoni. Ruɗanin da ke kama ɗan shekara goma sha huɗu tsakanin x² × x³ da (x²)³ tsohon ruɗani ne da ya raba kan manyan malamai. Abin da ya warware shi rubutu ne da ke bayyana ƙidayar a fili, wanda ya zauna da gindinsa bayan littafin René Descartes na 1637, shi ma kuwa sau da yawa xx yake rubutawa maimakon x². Idan ɗan Adam ya ɗauki shekara ɗari takwas kafin ya taƙaita "abu sau abu sau abu" zuwa alama guda, ba asarar lokaci ba ce a bar yaro ya yi sati biyu yana rubuta dogon kafin a ba shi gajeren.

Mai suka zai ce, to mun ji, ƙidaya ta yi aiki a hawa biyu da uku, amma ina za a kai x⁰ da x⁻²? Ta yaya harafi zai fito sau sifiri, ko ya fito ƙasa da babu? Wannan suka ce mai nauyi, kuma gaskiya ne a nan hoton farko ya ƙare. Sai dai bai ƙare a banza ba, ya bar tsani. A rubuta 1,000, 100, 10 a jere daga sama zuwa ƙasa, wato hawa uku, biyu, ɗaya. Kowace saukowa rabawa ce da goma. A ƙara sauka taki guda, goma a raba da goma ɗaya ne, lambar hawan kuma ta sauko sifiri. A ƙara sauka, ɗaya bisa goma, sannan ɗaya bisa ɗari, hawan ya zama −1 da −2. Ba a tilasta wa kowa ya yarda ba, an dai zaɓi ma'anar da za ta bar tsanin a miƙe, kuma ya kamata a gaya wa ɗalibi hakan ƙarara, cewa wannan yarjejeniya ce da masu lissafi suka yi don dokar tarawa ta ci gaba da aiki. Assamaw'al, wanda ya rubuta littafinsa Albahir a ƙarni na 12 yana ɗan shekara goma sha tara, irin wannan jeri ya zana, ya sa ɗaya a tsakiya a matsayin sifiri, masu hawa a gefe guda, masu gangara a ɗaya gefen, ya ce ninkawa tafiya ce a kan jerin. Kuma gangarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk malamin da ke rabon gado yana aiki da rabi, da rubu'i, da sumuni: miji ya sami rabi ko rubu'i, mata ta sami rubu'i ko sumuni, gwargwadon ko mamaci ya bar ɗa. Rabi, rabin rabi, rabin rabin rabi, su ne 2⁻¹ da 2⁻² da 2⁻³ ba ragi ba ƙari. Ba mamaki, tunda babban kaso na littafin Alkhawarizmi kansa a kan wasiyya da gado yake. Daga nan zuwa rabin hawa taki ɗaya ne: abin da idan aka ninka shi da kansa zai ba da x, dole hawansa ya zama rabi, don rabi da rabi ne ke ba da ɗaya.

Inda ƙidaya ta fi nuna darajarta shi ne inda doka ba ta da hurumi, wato wajen tarawa. Ɗalibin da ya haddace "a tara lambobin sama" idan ya ga x² + x³ zai rubuta x⁵ ba tare da ya ji ko ɗar ba, idan ya ga (a + b)² kuma ya rarraba hawan ya ce a² + b². Na biyun gona ce ke warkar da shi. Mutum yana da fili mai taki 30 kowane gefe, ya ƙara taki 10 a tsawo, taki 10 a faɗi. Sabon filin 40 sau 40 ne, 1,600. Tsohon 900 ne, ƙaramar kusurwar da aka samu 10 sau 10, wato 100. An tara 1,000, ina 600 suka shiga? Suna cikin zirin nan biyu da suka bi gefen gabas da gefen kudu, kowanne 30 sau 10. Wanda ya zana wannan a ƙasa da tsinke ba zai sake manta 2ab ba, don manomi ba ya manta ziri biyu na gonarsa. Na farkon kuma hatimi ne zai taimaka, fannin da Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkatsinawi ya yi littafi a kansa a 1732 kafin ya rasu a Alƙahira a 1741. Idan aka cika hatimi mai gida n a kowane gefe da lambobi daga ɗaya, jimlar kowane layi ita ce rabin n³ + n. A mai gida uku-uku, 27 da 3 talatin ne, rabinsa 15, kuma kowane almajirin da ya taɓa zana shi ya san 15 ne. Da n³ + n zai dunƙule ya zama n⁴, da an sami 81, wanda ko rabuwa biyu ba ya yi. Masu hawa daban-daban ba sa haɗuwa a tarawa, kamar yadda tiyar gero uku da tiyar wake biyu ba sa zama tiya biyar ta abu ɗaya.

Suka ta biyu ta fi ta farko yawan magoya baya. Za a ce jarrabawa da Faransanci ake yin ta, littattafai da Faransanci suke, Hausa ba ta da kalmomin aljabara, don haka shigo da ita aji ɓata wa yaro lokaci ne. Ban ce a daina koya masa kalmomin Faransanci ba, yana bukatarsu har jami'a. Amma a duba abin da kalmomin ke ba shi. Puissance iko ne ko ƙarfi, ba ta ce komai game da ƙirga ba, kuma yaron da har yanzu yake kokawa da harshen yana ɗaukar kaya biyu a lokaci guda, baƙon tunani cikin baƙon harshe. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yaran Nijar da ke ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matakin da ake bukata a karatu ko a lissafi ba su kai ɗaya cikin goma ba. Na 2019 ya nuna an ɗaga, amma a lissafi har lokacin ba a kai ɗaya cikin huɗu ba. Waɗannan yaran ne ke cika ajin farko na kwaleji. A karanta musu doka cikin jimlar Faransanci mai sharaɗi a gaba da sharaɗi a baya, abin da za su iya yi da ita kawai shi ne su haddace sautinta. Alamomin kansu kuwa ba na Faransa ba ne. x⁵ haka yake a Yamai, a Sakkwato da Beijin, kuma mai gyaran takardar BEPC 2a² zai gani, ba zai san da wane harshe yaron ya yi tunani kafin ya rubuta ba. Minti goma na bayani da Hausa, ko da Fulatanci ga ɗan rugar da shi ne harshensa, sannan a koma Faransanci a sa wa abin suna, ba su rage wa jarrabawa komai ba.

Sai dai kada a ɗauka Hausa ba ta da nata rami. Idan malam ya fassara x³ da "x ninki uku" ya kashe maganar, domin a bakin kowa ninki uku na goma talatin ne, ba dubu ba. Wannan shi ne ainihin kuskuren 3x da ake gudu, an kuwa sa masa hatimin harshen uwa. "Sau uku" ma haka. Shi ya sa aikin yake bukatar tsanaki, ba a bar kowane malami ya ƙago tasa a tsaye gaban allo ba.

Akwai kuma masu cewa hadda ba laifi ba ce, da ita muka tashi, kuma malamin da ke da aji cike maƙil, littafi ɗaya ga yara da yawa, wani lokaci a rumfar kara da ba a kafa ta sai an gama girbi, ba shi da sukunin bin kowace doka daga tushe. Ina girmama wannan magana, don masu faɗinta su ne ke shan ƙurar alli. Hadda tana da wurinta: jadawalin ninkawa haddace shi ake yi, haka su 4, 8, 16, 32 har zuwa 1,024, kuma ɗalibin da ya ƙware ba ya warware x⁷ duk lokacin da ya gan shi, dokar ta riga ta zauna masa a hannu. Abin tambaya shi ne wanne ke gaba. Nassi ana haddace shi ne don lafazinsa abin kiyayewa ne, ba a sake gina shi idan an manta. Dokar lissafi kuwa ana sake gina ta cikin rabin minti a gefen takarda, muddin an san daga ina ta fito, kuma wannan ne bambancin wanda ya manta ya tsaya cik da wanda ya manta ya ƙirga ya wuce. Game da lokaci, darasi biyu na warwarewa sun fi araha a kan maimaita dokoki shida a kowace shekara har zuwa lise. Cunkoson ajin ma hujja ce a wajena. Malamin da ba zai iya duba littafin kowa ba ya fi kowa bukatar ɗaliban da suka iya sa 3 a gurbin harafi su gane da kansu ko sun yi daidai, kuma wannan ba ya cin ko tamma.

Saura mai cewa ina ruwan ɗan manomi da duk wannan, ga waya tana lissafi. Waya tana ba da amsar abin da aka danna mata, ba ta gaya wa mutum yadda abu ke girma. Magini ya gina rumbu mai cin dami 50. Aka ce ya gina wani mai siffa ɗaya, amma faɗi ninki biyu, tsawo ninki biyu. Da yawa za su ce zai ci dami 100. Dami 400 zai ci, domin ciki yana tafiya da hawa uku, biyu sau biyu sau biyu, alhali jikin bangon ninki huɗu kawai ya ƙaru. Mai haƙa rijiya a Dallol Mawri idan aka faɗaɗa masa baki ninki biyu, ƙasar da zai fitar a kowane gaba ninki huɗu ce, kuma ladansa ya kamata ya bi wannan. Mafi girma duka shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5.1 a Nijar, ta 1988 miliyan 7.2, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17.1, da ƙaruwar kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Kashi huɗu bai kai ya tayar da hankali ba a kunne. Amma 1.039 mai hawa 18 ya kusa biyu, ma'ana jama'a na ninkuwa duk shekara goma sha takwas, a shekara 36 kuma (hawa 18 sau biyu) ninki huɗu, a shekara 54 ninki takwas. Dokar baka ce wannan, ita ce dai (x²)³ da ta ruɗa aji. Gonakin dallol ba sa ninkuwa, kuma duk wanda ya ga yadda gonar kaka ke tsagewa tsakanin jikoki, samari na tafiya cin rani, ya ga hawa yana aiki ko bai san sunansa ba. Kansilan da zai tsara yawan azuzuwa da rijiyoyin da ƙaramar hukuma za ta bukata nan da shekara ashirin, idan tarawa kawai ya sani, kullum lissafinsa zai gaza. Ga mai son zurfafa karatu kuwa babu hanyar kewayewa. Farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi rayuwarsa kan makamashin rana, fannin da zafin da abu ke fitarwa ke tafiya da hawa huɗu na ma'aunin zafinsa, kuma shi ne tun 1964 ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka yana kiran a koyar da yara cikin harsunansu.

Nijar ta fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida tun 1973, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma ƙoƙarin da aka yi tsawon shekarun nan a firamare ya fi tsayawa, inda ake tarawa da ɗebewa da rabawa, aljabara kuwa sai a kwaleji take farawa, daidai inda Hausa ke tsayawa a bakin ƙofa. Kalmomin da wannan babi ke bukata ba su fi goma ba: gindi, hawa, baka, sama da ƙasan layin rabawa, sokewa, masu kama da juna, sauƙaƙawa. Aiki ne da cibiyar INDRAP a Yamai za ta iya yi tare da malaman lissafi na karkara, kuma gara a yi shi da masana Hausa na Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo, don ɗan Kore Mairuwa da ɗan Kangiwa da ke tsallaken iyaka kada su tashi da suna biyu na abu ɗaya. Ni na kawo "hawa", wani yana iya kawo wadda ta fi ta. Hanyar tantancewa a aji take, ba a ofis ba: a sami yara arba'in da ba su taɓa ganin babin ba, a bayyana musu kalmar da misalin 5² sau ɗaya tak, sannan a ce su rubuta biyu mai hawa uku a allunansu su ɗaga, a ƙirga masu 8 da masu 6.